Babi na Biyar: Jini, Kiwo, ko Mahayi?

Sukuwa ba ta daɗewa. Daga sakin dawaki zuwa lokacin da na farko zai ƙetare layi, minti biyu ne ko uku. Gardamar da ke biyo baya kuwa takan kai har wata sukuwar. Duk wanda ya taɓa zama a majalisar masu dawaki, a Kano ne ko Katsina, a Maraɗi ko Damagaram, ya san yadda abin yake. Ƙura ba ta gama lafawa ba, ana zagayawa da dokin da ya ci yana huci, gumi na tsiyaya daga ƙirjinsa, majalisa ta riga ta rabu gida uku.

Akwai 'yan jini. Su a wurinsu magana ta ƙare tun ranar da aka yi barbara: a dubi uban, a dubi uwar, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Akwai masu cewa kiwo ne, su lissafo maka harawa da dusa da kanwa da kilisar asuba, su ce doki abin da ya ci da hannun da ya riƙe shi ne ke fita a ƙafarsa. Na uku su ce duk ku bari, mahayi ne ya ci. Da yaron ya saki linzami tun a kwanar farko, da yanzu wani zance ake yi. Can gefe ba a rasa dattijon da zai bar kowa ya gaji, sannan ya ce rabo ne. Wanda dokinsa ya zo na biyar kuwa shi ya fi kowa hujja, don haka Bahaushe ya ce dokin mai baki ya fi gudu.

Irin wannan gardama ake yi a Newmarket ta Ingila, da Kentucky ta Amurka, da Dubai. Abin da suka fi mu da shi ɗaya ne: sun shafe fiye da shekara 230 suna rubuta wa ya haifi wa, nawa aka saye shi, tsere nawa ya yi, a minti nawa. Tunda akwai littafi, sai mu kai ƙarar gabansa, mu ji gidan da zai ba gaskiya.

Ingarmu uku da littafi ɗaya

A 1791 wani Bature mai suna James Weatherby ya fara fitar da littafin asalin dawakin tsere na Ingila, wanda ake kira General Stud Book, kuma har yau zuriyarsa ce ke riƙe da shi. Dokin da ba a samu iyayensa a wannan littafi ko takwarorinsa na wasu ƙasashe ba, ba ya amsa sunan Thoroughbred, komai gudunsa. Ƙa'idar ta yi tsauri har ta kai dole ingarma ya hau goɗiya da kansa. Duƙushin da aka samu ta hanyar ɗura maniyyi, irin yadda ake yi wa shanun madara, ba ya shiga littafin.

Ɗauki kowane doki na wannan jinsi, ka bi ubansa, ka bi uban ubansa, ka yi ta komawa baya. Za ka tsaya a kan ɗaya daga ingarmu uku, dukansu jinin Gabas, waɗanda Turawa suka laƙaba wa sunayen iyayen gidansu. Na farko Byerley Turk, dokin yaƙin wani hafsa mai suna Robert Byerley, wanda ya hau shi a yaƙin Boyne a Ireland cikin 1690. Na biyu Darley Arabian, wanda Thomas Darley ya saya a Halab ta ƙasar Sham, ya auno shi a jirgin ruwa zuwa Ingila a 1704. Na uku Godolphin Arabian, wanda ya biyo ta Faransa ya shiga Ingila wajen 1730, ya mutu a 1753. Har yau ana saɓani a kansa, ko Balarabe ne ko kuwa dokin Barbar na Arewacin Afirka, wato irin jinin da fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi zuwa Borno da ƙasar Hausa. Sunansa Sarkin Dubai, Sheikh Muhammad bin Rashid Al Maktum, ya sa wa babbar bargarsa ta tsere.

Wani bincike da aka yi a Dublin, aka fitar a 2001, ya nuna cewa kusan kashi 95 cikin 100 na dawakin wannan jinsi a yau suna komawa ga Darley Arabian ta wajen uba. A nan 'yan jini sukan buga ƙirji. To amma mu dubi hanyar da jinin ya biyo.

Darley Arabian bai taɓa yin tsere ba. Cikin 'ya'yansa akwai biyu da ya haifa da goɗiya ɗaya. Ɗayan, Flying Childers, shi ne gwarzon zamaninsa, ba a taɓa wuce shi ba. Ɗan'uwansa Bartlett's Childers kuwa bai taɓa shiga fili ba, domin da zarar ya yi gudu sai haɓo ya ɓalle masa. Da a ce an tara masanan wancan lokaci an ce su zaɓi wanda zai ɗauki gidan, babu mai kallon mai haɓo sau biyu. Sai ga shi ta tsatsonsa gidan ya tsaya. Shi ya haifi Squirt, Squirt ya haifi Marske, Marske ya haifi Eclipse.

An haifi Eclipse a 1764, ranar da aka yi husufin rana, abin da sunansa ke nufi ke nan. Da mai shi, wani ɗan sarautar Ingila, ya rasu, aka yi gwanjon dawakinsa, wani dillalin tumaki mai suna William Wildman ya sayi duƙushin a kan gini 75. Gini ɗaya shi ne fam ɗaya da sule ɗaya. Tsakanin 1769 da 1770 Eclipse ya shiga tsere 18 ya cinye su duka, wasu ma ba da gudu ba, don babu wanda ya yarda ya fito da dokinsa ya kara da shi. Da aka rasa abokin karawa sai aka mayar da shi barbara, kuma ta kansa mafi yawan dawakin tseren duniya suke komawa ga dokin Halab. Ke nan jini gaskiya ne, sai dai ba kullum yake bi ta ƙofar da masana suke tsaron sa ba.

Abin da gwanjo ya koya wa masu kuɗi

Idan jini ne kaɗai, to mai kuɗi ya gama cin tsere tun a kasuwa. An gwada, kuma sakamakon yana rubuce.

A 1962 wani attajirin Kanada, E. P. Taylor, ya fito da duƙusansa 'yan shekara ɗaya don sayarwa. Cikinsu akwai wani gajere, kakkaura, da ya sa wa farashin dala 25,000. Masu saye suka dube shi suka wuce, aka koma da shi gida. Wannan shi ne Northern Dancer. Bayan shekara biyu ya ci Kentucky Derby cikin minti 2 cif, gudun da ba a taɓa yi ba a wannan tsere kafin ranar. Da ya koma barbara, 'ya'yansa suka mamaye filayen Turai da Amurka, har aka kai ana biyan dala miliyan ɗaya don ya hau goɗiya sau guda.

Waɗanda suka raina uban suka dawo suna kokawa a kan 'ya'yan. A gwanjon Keeneland na Kentucky a 1983, Sheikh Muhammad ya biya dala miliyan 10.2 a kan wani ɗan Northern Dancer ɗan shekara ɗaya, farashin da ba a taɓa ji ba a lokacin. Aka sa masa suna Snaafi Dancer, aka kai shi Ingila horo. Rashin gudunsa ya kai ba a taɓa fito da shi gaban jama'a ba. Aka ce to a ci moriyar jininsa a barbara, nan ma sai aka tarar da ƙyar yake ba da ciki: 'ya'ya huɗu kacal ya haifa. A 2006 aka sake irin ta a Florida, inda aka sayi wani ɗan shekara biyu, The Green Monkey, dala miliyan 16. Tsere uku ya yi a rayuwarsa, mafi kyawun abin da ya taɓuka shi ne zuwa na uku. Albasa ba ta yi halin ruwa ba.

A ɗaya gefen kuma ga Seattle Slew, wanda aka saya dala 17,500 a 1975. Amurkawa suna da manyan tsere uku na dawaki 'yan shekara uku, Kentucky Derby da Preakness da Belmont, ana yin su cikin mako biyar, kuma dokin da ya haɗa su ana cewa ya ɗauki kambi uku. Seattle Slew ya haɗa su a 1977, ba tare da an taɓa wuce shi ba kafin nan. Ga kuma Sunday Silence, wanda aka kai gwanjo sau biyu bai samu farashin da ake nema ba. Ya ci Kentucky Derby da Preakness a 1989, amma da ya gama tsere masu goɗiyoyi a Amurka suka ja baya, don ba su gamsu da dangin uwarsa da tsayuwar ƙafafunsa ba. Wani Bajapane, Zenya Yoshida, ya ɗauke shi. Shekara 13 a jere, daga 1995 zuwa 2007, babu ingarman da 'ya'yansa suka kai nasa cin tsere a Japan, kuma ƙarfin da dawakin Japan suke nunawa yau a Dubai da Riyad da jininsa aka gina shi.

Kada a ɗauka 'yan jini sun faɗi warwas. Suna da shaidar da ba ta tankwaruwa. Wata goɗiya mai suna Urban Sea ta ci babban tseren Faransa, wato Arc, a 1993. Ta haifi Galileo, wanda ya ci Derby na Ingila a 2001, ta kuma haifi Sea The Stars, wanda ya ci Derby da Arc a 2009. Galileo jikan Northern Dancer ne ta wajen uba, shi kuma ya haifi Frankel, dokin Yarima Khalid bin Abdullah na Saudiyya, wanda ya yi tsere 14 tsakanin 2010 da 2012 ya cinye su duka. Wannan ba ya kama da dace. Abin lura a nan shi ne rabon uwa. A majalisa an fi tambayar wane ne uban, alhali rabin duƙushi daga goɗiya yake, ita kuma ke ɗaukar cikinsa wata goma sha ɗaya, ta shayar da shi, ya tashi yana kwaikwayon halinta. Ingarma kan haifi ɗari a shekara, a riƙa tuna ukun da suka yi fice a manta da saura. Goɗiya ɗaya take haifa, don haka idan ta jera gwaraza biyu, shaidarta ta fi ta ingarma nauyi.

Abin da ke cikin ƙirji

Me ake gada ne ma, in an ce doki ya gaji gudu? Dokin tsere yana da nauyin kilo 500 ko kusa da haka, yana kuma iya zura kilomita 60 a awa da mutum a bayansa. Zuciyarsa tana bugawa sau 30 zuwa 40 a minti in yana tsaye a turke, amma a tsakiyar sukuwa takan haura 220. Saifarsa rumbu ce: tana ajiye kusan kashi ɗaya cikin uku na jajayen ƙwayoyin jininsa, da ya zabura sai ta matse ta juye su cikin jijiyoyi, jinin ya ƙara ɗaukar iska. Doki ba ya numfashi ta baki, sai ta hanci kawai, kuma a sukuwa numfashinsa a ɗaure yake da takunsa: tsalle ɗaya, numfashi ɗaya. Shi ya sa ɗan ciwon maƙogwaro da ba zai hana dokin hawan sallah komai ba yake iya gama da dokin tsere.

Babu dokin da ake kafa misali da shi a wannan fanni kamar Secretariat, kuma labarinsa da ƙuri'a ya fara. Masu ingarman da ake kira Bold Ruler, wato iyalan Phipps, ba kuɗi suke karɓa ba: a kawo goɗiyoyi, in sun haihu a raba 'ya'yan, a jefa kwabo don sanin mai zaɓen farko. A 1969 aka jefa tsakanin Ogden Phipps da Penny Chenery, wadda ke riƙe da gonar mahaifinta a Virginia. Phipps ya ci, ya zaɓi wata duƙusa 'yar goɗiya Somethingroyal. Wadda ta faɗi ƙuri'a aka bar ta da cikin da goɗiyar ke ɗauke da shi. Duƙusar da mai nasara ya zaɓa ba ta taɓa cin tsere ba. Cikin da aka bar wa Penny Chenery shi aka haifa ranar 30 ga Maris 1970, uwa ɗaya uba ɗaya da waccan, aka sa masa suna Secretariat.

A 1973 ya ɗauki kambi uku, abin da aka shekara 25 ba a gani ba. Ranar 9 ga Yuni, a Belmont, ya yi mil ɗaya da rabi cikin minti 2 da daƙiƙa 24, ya bar na biyu da tazarar tsawon doki 31. Da ya mutu a 1989, likitan da ya buɗe shi ya tarar da zuciya lafiyayya amma ƙatuwa, ya ƙiyasta ta kai kilo 10, alhali ta yawancin dawaki ba ta wuce kilo 4 da ɗoriya. Eclipse ma da aka auna tasa bayan mutuwarsa a 1789, ta haura kilo 6.

Sai dai ga abin da ke ɗaure wa 'yan jini kai. Secretariat ya haifi 'ya'ya ɗaruruwa da zaɓaɓɓun goɗiyoyi, cikinsu akwai na ƙwarai kamar Risen Star da Lady's Secret, amma babu wanda ya kamo ƙafarsa. Albarkar ta fi fitowa ta wajen 'ya'yansa mata, waɗanda suka haifi manyan ingarmu irin su Storm Cat da A.P. Indy. Kuma yau fiye da shekara 50 ke nan ana haɗa mafi gudu da mafi gudu, ana zuba biliyoyin daloli, amma lokutan da ya kafa a tseren nan uku suna nan ba a karya ko ɗaya ba.

Masana ƙwayoyin gado sun shigo gardamar. A 2010 wata mai bincike a Dublin, Emmeline Hill, ta nuna cewa wata ƙwayar gado da ke sarrafa girman tsoka tana raba dawakin tsere kashi uku: masu zafin gudu a gajeren zango, masu dogon numfashi, da 'yan tsakiya. Yanzu ana ɗibar jinin duƙushi a faɗa maka ajin da ya faɗa. Gwajin yana nuna nisan da ya dace da doki, ba ya nuna ko zai ci. Ƙididdigar da aka yi a kan dubban dawaki ma ta nuna cewa abin da gado ke bayarwa cikin bambancin ƙwazonsu bai kai rabi ba. Sauran yana hannun mutane da yanayi.

Hannun da ya riƙe ragama

Masu cewa kiwo suna da hujja tun daga Madina. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah (SAW) ya shirya tsere, ya raba dawakin gida biyu. Waɗanda aka yi wa shiri suka taso daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, tazarar mil biyar ko fiye. Waɗanda ba a shirya ba aka ba su kimanin mil ɗaya, daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Shirin da malamai suka bayyana shi ne a ciyar da doki ya yi ƙiba, sannan a rage masa abinci, a lulluɓe shi ya yi gumi har kitsen ya zube, naman ya ɗaure. Da horo aka raba su, kuma horon ne ya ninka nisan sau biyar.

A tarihin Turawa, babu shaidar kiwo kamar Red Rum. An haife shi a Ireland a 1965, jinin gajeren zango, aka sayar da shi gini 400. Ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu har ya kamu da ciwon ƙashin kofato. A 1972 ya faɗo hannun Ginger McCain, mai sayar da tsofaffin motoci a garin Southport, wanda bargarsa ke bayan shagon motocin. McCain ba shi da filin horo, sai rairayin bakin teku. Nan yake sukuwa da dawakinsa, ya bi da su cikin ruwan gishiri mai sanyi, kuma a nan ɗingishin Red Rum ya ɓace. Dokin da aka haifa don mil ɗaya ya je ya ci Grand National, tseren da ya haura kilomita 7 da tsallaken shinge 30, har sau uku: 1973 da 1974 da 1977. A shekaru biyun da ke tsakani na biyu ya zo. Da ya mutu a 1995, a bakin layin ƙarshe na filin Aintree, inda ake yin wannan tsere, aka binne shi.

Frankel ma, da duk asalinsa, da wuyar sha'ani ya taso. Doki ne mai zafin kai, mai fizgar linzami, irin wanda kan ƙone ƙarfinsa tun kafin rabin hanya. Mai horar da shi, Henry Cecil, ya ɗauki lokaci yana koya masa haƙuri, har aka ware ɗan'uwansa na uwa ɗaya, Bullet Train, aikinsa kawai ya shiga gaba ya ja tseren, Frankel ya bi bayansa ya natsu sai lokacin saki ya yi. Cecil yana fama da ciwon daji duk tsawon wannan aiki. Ya ga tseren Frankel na ƙarshe a Ascot cikin Oktoba 2012, ya rasu a Yuni 2013.

Ƙarƙashin mai horarwa kuma akwai wanda littafin asali ba ya rubutawa, wato ɗan barga. Shi ke kwana kusa da doki, shi ke fara ganin an rage dusa a kwano, shi ke shafa ƙafa da asuba ya ji ɗumin da bai kamata ba. Na Secretariat wani baƙar fata ne mai suna Eddie Sweat. An sayar da hannun jarin dokin da yake wankewa a kan dala miliyan 6.08, shi kuwa ya rasu a 1998 ba shi da abin kirki.

Tsugunon da ya canza tsere

Saura mahayi. Har zuwa ƙarshen ƙarni na 19, mahayan Ingila zaune suke sukuwa, likkafa a sake, baya a miƙe, kamar mai hawan daba. A Amurka kuwa an saba da wani salo: a ɗage likkafa sama, mahayi ya tsuguna a kanta, ya kwanto bisa wuyan doki. A can, yawancin gwanayen hawa na farko baƙaƙen fata ne, bayi da 'ya'yan bayi da suka tashi a barga. A Kentucky Derby na farko, cikin 1875, mahaya 13 daga cikin 15 baƙaƙe ne, har da Oliver Lewis da ya ci, kuma su suka ci 15 daga 28 na farko kafin wariyar launin fata ta ture su daga sana'ar. Ɗayansu, Willie Simms, ya kai salon tsuguno Ingila a 1895. Wani farar fata, Tod Sloan, ya biyo baya a 1897. Turawan Ingila suka yi ta dariya suna cewa zaman biri ne, har suka ga biri yana kwashe kofuna, sannan kowa ya ɗage likkafarsa.

A 2009 masu bincike a kwalejin likitan dabbobi ta Landan suka auna abin da na'ura. Doki a sukuwa yana yin gaba yana ɗan ja baya, yana sama yana ƙasa, a kowane taku. Mahayin da ke zaune, dole doki ya ɗaga shi ya sauke shi a duk tsalle. Wanda ya tsuguna kuwa gwiwoyinsa ke shanye girgizar, jikinsa na tafiya sumul, doki ya huta da wannan wahala. Sun lissafa cewa sauyin ya rage lokutan manyan tsere da kashi 5 zuwa 7 cikin 100 a 'yan shekarun da ke kewaye da 1900, ci gaban da zaɓen jini bai kawo irinsa ba a shekara ɗari da suka biyo. Mahayi ba ya ƙara wa doki gudun da ba shi da shi, amma yana iya hana shi fitar da wanda yake da shi, ta nauyi, ta zama, ko ta sakin linzami kafin lokaci.

Dattijon da ke gefe shi ma yana da tasa shaidar. A Grand National na 1956, Devon Loch, dokin mahaifiyar Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, ya tsallake shinge na ƙarshe yana gaba da kowa. Saura kamar mita 40 ya kai layi, a fili sarari ba shinge ba rami, sai ya yi tsalle ya faɗi rubda ciki, na bayansa ya wuce. Jini ya cika, horo ya cika, mahayin gwani ne, kuma har yau ba a daidaita a kan abin da ya same shi ba.

Hukuncin littafi

In aka tattara shaidun, kowane gida ya kama wani yanki na gaskiya. Jini ne ke yanke iyakar abin da doki zai iya, shi ya sa ƙuru ba zai zama Frankel ba ko da an ciyar da shi zuma. Kiwo da horo ne ke kai shi kusa da wannan iyaka ko su bar shi nesa da ita. Mahayi ne ke kashe abin da aka tara cikin minti biyu, da hankali ko da wauta. Bayan duk wannan akwai rabo. Wanda ya riƙe ɗaya ya watsar da saura, ko dai bai daɗe a harkar ba, ko kuwa yana da dokin sayarwa.

Abin da ya kamata masu dawakinmu su ɗauka daga wannan babi bai wuce littafin kansa ba. Mun san labarin mai haɓo da ɗan'uwansa ne saboda wani ya zauna ya rubuta, fiye da shekara 230 da suka wuce. A yawancin bargoginmu asalin doki a ka yake, in mai shi ya rasu ko doki ya sauya hannu sau biyu, sai dillali ya ba shi uban da ya ga dama. Littafin makaranta guda ya isa a fara. A rubuta ranar haihuwar duƙushi da kamanninsa, akawali ne ko kili ko danda. A rubuta uban, a rubuta uwar da uwar uwar. Duk tseren da ya shiga a sa nisan, da lokacin da ya yi, da nauyin wanda ya hau shi, da abin da ya ci a makon. A ƙasan shafin kuma a rubuta sunan yaron da ke ba shi ruwa. In aka yi haka shekara ashirin, jikokinmu za su yi wannan gardama da hujja a hannu.